Yadda tsatsa ta karya Kubsa: nazarin annobar alkama ta 2010 a Habasha

A daminar 2010 gonakin alkama na tsaunukan Arsi da Bale da Shewa, a ƙasar Habasha, sun rikiɗe daga kore zuwa ruwan ɗorawa tun ƙwaya ba ta kama hanyar nuna ba. Wanda ya ratsa gona sai ya fito da wando ya rine har gwiwa. Cutar tsatsa ce mai ruwan ɗorawa, wadda ke jera kanta layi-layi a kan ganye. An ƙiyasta ta kama kimanin hekta 600,000, a lokacin da duk alkamar ƙasar ke wajen hekta miliyan 1.6, kuma ta zaftare kashi 15 zuwa 20 cikin 100 na abin da ya kamata a girbe. Kuɗin maganin feshi kaɗai ya haura dala miliyan 3. Mafi yawan masu wannan asara ƙananan manoma ne, waɗanda gonarsu ba ta wuce hekta ɗaya ko biyu ba.

Irin alkamar da ya fi shan wuya shi ne Kubsa, sai Galema a bayansa. Abin lura shi ne, duka biyun an fito da su ne a tsakiyar shekarun 1990 a matsayin iri masu jure tsatsa. Tambayar da ta dace a yi ba wai daga ina cutar ta zo ba ce kawai. Me ya sa iri ɗaya da ya faɗi, fiye da sulusin alkamar ƙasa ya bi shi?

Ita kanta cutar

Naman gwari ne ke kawo ta, wanda masana ke kira Puccinia striiformis. Ba ya rayuwa sai a jikin ɗanyen tsiro: ba ya kwana a ƙasa, ba ya bin iri a cikin buhu. Wannan garin rawaya da ke manne wa tufa shi ne ƙwayoyinsa, iska ce ke ɗaukarsu, wani lokaci har ɗaruruwan kilomita. In ƙwaya ta sauka a ganye tana buƙatar abu biyu, sanyi da laima. Ta fi kamawa da dare idan awon zafi yana tsakanin digiri 7 zuwa 12 kuma raɓa ta kwanta a ganye na aƙalla awa uku. In ta kai awa shida zuwa takwas, kamuwar ta fi yawa. Daga nan sai ta shige cikin ganye ta yi shiru na kwana 10 zuwa 14, ba a ganin komai, kafin fatar ganyen ta fashe sabon gari ya fito.

Wannan shirun shi ne abin da ke yaudarar manomi. Ranar da ya ga layin farko, kamuwar da ta faru mako biyu baya yake gani, wadda ta faru jiya da shekaranjiya tana nan a ɓoye. A babban tsiro cutar na bin jijiyar ganye, shi ya sa take yin layi. A ƙaramin tsiro kuwa a warwatse take fitowa, har a ɗauka tsatsar ganye ce mai ruwan ƙasa. A wurare masu tsayi sosai, kamar Meraro da ke kusa da mita 3,000 daga gaɓar teku, takan hau har cikin zangarniya, a buɗe kwanson ƙwaya a tarar da gari a ciki. Gonar da ta kai nan ƙwayarta kan yanƙwane, ta rasa nauyi, ko an ajiye ta don iri ba ta tsira da kyau.

Kariya mai ƙafa ɗaya

Kubsa sunan da aka raɗa masa ne a Habasha. Asalinsa wani layin alkama ne mai suna Attila, daga CIMMYT, cibiyar binciken masara da alkama ta duniya da ke Meksiko, kuma ya yi farin jini domin yana ba da amfani a ƙasa iri-iri. Ɗan'uwansa ne aka saki a Indiya da sunan PBW343, ya mamaye miliyoyin hekta a can. Mai noman alkamar rani a Kano ko Jigawa zai tuna da Atilla Gan Atilla na Cibiyar Binciken Tafkin Chadi da ke Maiduguri, wanda sunansa ma ya nuna zuriyar da ya fito. Sai dai bushewar iskar hunturu ba ta barin ganye ya daɗe da laima kamar yadda yake yi a kan tsaunukan Habasha.

Juriyar Kubsa ta rataya ne a kan ƙwayar gado guda ɗaya, Yr27. Irin wannan ƙwayar gado aikinta gane wata alama ce a jikin naman gwarin. Da ta gane shi sai tsiron ya kashe 'yan ƙwayoyin ganyen da ke kewaye da wurin, cutar ta rasa abinci ta mutu. Ganye ya zauna fes, tun daga ƙuruciyar tsiro har girbi. Kamar mai gadi ne da ya san ɓarawo da hularsa kaɗai: ranar da ɓarawon ya cire hula, ƙofa a buɗe take. Sauyi ƙarami a halittar naman gwarin ya isa ya ɓatar da alamar, kuma a cikin biliyoyin ƙwayoyin da gona guda ke fitarwa, samun mai wannan sauyi ba abin mamaki ba ne. Idan kuwa duk gonakin yanki iri ɗaya ne, wannan ƙwaya guda ita kaɗai ke da abinci, 'yan'uwanta ba su da shi, sai ta cika ƙasa cikin damina ɗaya ko biyu.

Habasha ta taɓa ganin haka. A 1988 tsatsar ta karya Dashen, wanda ke dogaro da Yr9, ƙwayar gadon da aka ɗauko daga wani hatsi da ake kira rye aka sa wa alkama. Nau'in da ya karya Yr9 ya bayyana a Gabashin Afirka a tsakiyar shekarun 1980, ya ƙetare Bahar Maliya, ya bi ta Gabas ta Tsakiya har ya kai Kudancin Asiya cikin kusan shekara goma. Aka maye gurbin masu Yr9 da masu Yr27. Su ma labarin faɗuwarsu bai zo ba zato ba: tun tsakanin 2002 da 2004 aka ga tsatsa na cin PBW343 a Indiya da Inqilab 91 a Pakistan. A 2009 ta yi ɓarna a Maroko da Uzbekistan, a 2010 ta auka wa Siriya da Turkiyya da Iraƙi. Wato masana sun san Yr27 ta daina aiki shekaru kafin annobar Habasha. Abin da ba a yi ba shi ne janye Kubsa daga hannun manoma da wani iri da ya kai shi amfani, cikin adadin da zai wadata. A ganinmu nan ne babban gibin yake, ba a ɗakin bincike ba.

Sabon nau'i da damina mai tsawo

Akwai wani sauyi na biyu da ya fi karya ƙwayar gado haɗari. Da can an san tsatsa mai ruwan ɗorawa da cewa cutar sanyi ce, da zafi ya haura digiri 20 sai ta lafa. Amma dangi biyu na naman gwarin da ake wa laƙabi da PstS1 da PstS2, waɗanda bincike ya gano tushensu a Gabashin Afirka tun farkon shekarun 1980, sun zo da wani hali. Suna fitar da gari da wuri, suna fitar da shi da yawa, kuma zafi bai cika dakatar da su ba. PstS1 ya isa Amurka a 2000, ya isa Ostireliya a 2002; PstS2 ya bazu a Gabas ta Tsakiya da Arewacin Afirka, daga baya ya ƙara da ikon karya Yr27. Rage kwana biyu kacal a kowane zagaye, wato daga kamuwa zuwa fitar gari, ba ƙaramin abu ba ne. A tsawon damina yana iya ƙara wa cutar zagaye guda cif, kuma kowane zagaye ninki yake yi, ba ƙari ba.

Sai kuma yanayi ya ba da hannu. Sassan Habasha, musamman Bale, na da lokacin ruwa biyu: ƙaramar damina da ake kira belg, daga wajen Fabrairu zuwa Mayu, da babbar damina, meher, wadda ake shuka daga Yuni zuwa Agusta. In ƙaramar ta yi kyau ta kuma ja, ba a samun tazarar da ƙasa za ta bushe ta rabu da ɗanyen ganye. Alkamar belg da gyauron da ya tsira a gefen gona da masussuka su ne ke riƙe cutar har sabuwar shuka ta fito. A 2010 ruwa ya yi yawa, ya kuma daɗe, tsatsa ta sami sabon tsiro tun yana ƙarami. Cutar da ta kama alkama tun tana ƙarama, tana fitar da 'ya'ya a gindi, ba ɗaya take da wadda ta zo bayan an fitar da kai ba. Ta farko na iya cinye fiye da rabin amfani a iri marar juriya, ta biyu ɗan nauyin ƙwaya take ragewa.

Inda feshi ya kasa

Magani yana aiki a kan wannan cuta, amma yana da sharuɗa, kuma a 2010 kusan kowannensu an saɓa shi. Na farko lokaci. Magungunan da aka fi samu, kamar Tilt 250 EC mai sinadarin furofikonazol, suna shiga cikin ganye su tsayar da kamuwar da ba ta daɗe ba, su kuma kare shi na mako biyu zuwa uku. Ba sa dawo da ganyen da ya riga ya mutu. Ganyen ƙarshe na sama da wanda ke bi masa, tare da zangarniya, su ne ke ɗura wa ƙwaya mafi yawan abincinta, don haka su ake karewa. A iri marar juriya, feshi na farko ya kamata ya zo da ganin layin farko a ganyayen ƙasa, na biyu kuma bayan mako biyu zuwa uku, daidai lokacin da ganyen ƙarshe ya gama buɗewa ko alkama ta ɗauki ciki. Manoma da yawa ba su sami magani ba sai bayan gona ta gama rinewa, saboda ba a shigo da shi da wuri ba, wanda ke kasuwa kuma ya yi tsada.

Na biyu awo. Adadin Tilt rabin lita ne a hekta, cikin ruwa kamar lita 200. Famfon goyo mai cin lita 15 zai cika sau goma sha uku da ɗoriya kafin ya gama hekta, wato kowane cikawa na buƙatar kimanin mililita 37 zuwa 38. Amma lissafin nan bai tsaya ba sai in mai feshin da gaske lita 200 yake zubawa. Hanyar ganewa mai sauƙi ce: a auna fili mita 10 sau 10, a fesa masa ruwa zalla da tafiyar da aka saba, a duba abin da ya ragu a tanki, a ninka abin da ya tafi sau 100. In lita 2 ta tafi, daidai ne. In lita ɗaya ce, to mai feshin na sauri, kuma da wancan awo na mililita 38 rabin magani kawai gonar za ta samu. Ga kuma masu tsinka magani da gangan don kwalba ɗaya ta isa gona biyu, da masu amfani da bakin famfon maganin ciyawa mai manyan ɗigo da ke gangarewa ƙasa, da masu feshi ana gab da ruwa. Feshi ya fi kyau da safe bayan raɓa ta ɗauke, iska ba ta kaɗawa, kuma da tazarar sa'o'i kafin ruwan sama.

Yuriya ma na da hannu. Gonar da aka cika wa taki takan yi duhu, ganye ya yi laushi, laima ta daɗe a ciki. Ba a cewa a hana alkama taki, amma in iri ba shi da juriya, gonar da ta fi kyan gani ita ce ta farko da ya kamata a duba.

Daga Kubsa zuwa Digalu

Bayan annobar an yi aikin yawaita iri cikin gaggawa, har da noman rani don a sami zagaye biyu a shekara. Cibiyar binciken noma ta ƙasar, musamman reshenta na Kulumsa kusa da Asella, tare da CIMMYT da ICARDA, cibiyar binciken noma a busassun yankuna ta duniya, da kamfanonin iri na gwamnati, suka tura iri uku gaba: Kakaba da Danda'a, waɗanda aka saki a 2010 ɗin, da Digalu, wanda ke nan tun 2005 ba tare da ya yaɗu sosai ba. Manoma sun ga Digalu tsaye kore shar a gefen Kubsa da ta ƙone, ba su buƙaci wani ya lallashe su ba. Zuwa 2013 ya kai wajen hekta 500,000.

An gudu ba a tsira ba. A watan Nuwamba na 2013 wata tsatsar daban, ta kara, ta ɓulla a Bale, a gundumomin Agarfa da Gasera. Nau'in da ake kira TKTTF ne, wanda aka riga aka sani a Gabas ta Tsakiya. Kariyar Digalu daga tsatsar kara ita ma ƙwayar gado ɗaya ce, SrTmp, wadda ta iya tare wani shahararren nau'in tsatsar kara mai suna Ug99 amma ba ta gane wannan ba. Gonakin da abin ya fi tsananta sun yi asarar kusan komai. Cuta daban, ƙwayar gado daban, amma tsarin ɗaya ne da na 1988 da na 2010: iri guda a fili mai faɗi, yana tsaye da ƙafa ɗaya.

Kakaba da Danda'a an gina su a wata hanya. Tun da aka gano Ug99 a Yuganda a ƙarshen shekarun 1990, masu kiwon iri na CIMMYT suka karkata ga juriyar da ke bayyana in tsiro ya girma, suna gwada dubban layukan alkama a Njoro ta Kenya. Wannan juriya ba ta hana kamuwa. Tana dai jinkirta fitowar gari, ta rage tsawon layi, ta rage yawan ƙwayoyin da kowane layi ke zubarwa. Ƙwayoyin gado irin su Yr18 da Yr29 da Yr46 kowace ƙaramin tasiri gare ta, sai an tara huɗu ko biyar kafin iri ya kusa tsira gaba ɗaya, amma ba su dogara ga gane alama guda ba, shi ya sa suke daɗewa. Yr18 ta shekara fiye da hamsin ana amfani da ita ba ta rushe ba.

Irin wannan juriya na da wahalar karɓuwa a gonar gwaji. Ana auna tsatsa ne da lamba da harafi: lambar na nuna kason ganyen da ya kamu, harafin na nuna yadda tsiro ya mayar da martani, daga R mai cikakkiyar juriya, zuwa MR da MS masu tsaka-tsaki, har S marar juriya. Manomi ko jami'in da aka nuna wa layin alkama mai sifili da wani mai 20MS, na farko zai zaɓa, kuma ba laifinsa ba ne. Amma sifili tun daga ƙaramin tsiro galibi alamar ƙwayar gado ɗaya ce mai ƙarfi. Layin alkamar da ya kamu yana ƙarami a ɗakin gwaji, sannan a gona ya tsaya a kashi 10 zuwa 20 shekara bayan shekara, a wurare daban-daban, shi ne ya fi cancantar a ba shi fili. Sharaɗinsa guda: tun da juriyar ba ta ƙarfafa sai tsiro ya girma, a shekarar da cuta ta zo da wuri, ko a wuri mai tsananin sanyi, yana iya buƙatar feshi ɗaya. Kakaba kansa ya nuna haka a tsaunuka masu tsayi.

Sanin abin da ke tafe

Abin da ya fi sauyawa bayan 2010 shi ne sa ido. Ayarin masana na bin hanyoyin yankunan alkama suna tsayawa duk bayan kilomita 5 zuwa 10, su shiga gona, su rubuta iri da matakin girma da yawan tsatsa a wayar hannu, tare da alamar wurin. Ɗaukar samfuri na da ƙa'ida. Ana zaɓen ganye mai sabon gari daga gonar da ba a fesa ba, a ninke shi garin yana ciki, a sa a ambulan ta takarda, a bar shi ya sha iska a inuwa ya bushe. Leda ba ta yi, domin gumi na ruɓar da shi. Zafin cikin mota ma na kashe ƙwayoyin, waɗanda dama ba su da tsawon rai kamar na tsatsar kara. Samfurin da ya isa da rai ana raya shi a shafa wa jerin alkamar gwaji, kowace da sananniyar ƙwayar gado, a ga wadda ya ci da wadda ya bari. Cibiyar da ke wannan aiki ga duniya tana Jami'ar Aarhus a Danmak, kuma kafin sakamako ya dawo akan ɗauki watanni, damina ta wuce.

Don rage wannan jira aka fara gwada wata hanya mai suna MARPLE a Habasha a 2018, haɗin gwiwar cibiyar John Innes ta Birtaniya da CIMMYT da masanan ƙasar. Da 'yar na'urar karanta ƙwayoyin gado da ba ta fi tafin hannu ba, ana iya sanin dangin tsatsar cikin kwana biyu. Jami'ar Cambridge da hukumar hasashen yanayi ta Birtaniya kuma na haɗa rahoton gona da bayanin iska da laima, su fitar da hasashen mako guda na inda gari zai sauka da inda zai kama. Daga nan saƙo ke zuwa ga malaman gona da manoma, har da ta layin waya na 8028.

Tsarin ya sha gwaji. Wani nau'i da aka fara gani a Afganistan a 2012, PstS11, ya shigo Habasha ya kama dubban hekta a 2016. A 2021 aka yi gargaɗi a kan wani sabon, PstS16, a damina mai laima irin ta 2010, kuma a wannan karon an sami damar tanadar magani da fara feshi da wuri. Sauyin naman gwarin dai bai tsaya ba, kuma ba Afirka kaɗai ba. A 2011 nau'in Warrior, mai asali daga yankin tsaunukan Himalaya, ya maye tsofaffin nau'o'in Turai cikin 'yan shekaru, a 2025 kuma aka tabbatar a Ingila cewa Yr15, wadda aka daɗe ana ganin ta gagari tsatsa, ita ma an karya ta.

Raunin da ya rage a Habasha yana wajen iri. Yawancin manoma daga rumbunsu ko wajen maƙwabci suke samun abin shukawa, sunan irin kuma na ɓacewa a hanya. Da aka tattara ƙwaya daga dubban gonaki aka duba ta da gwajin ƙwayoyin gado, an tarar manoma da yawa ba irin da suke zato suke shukawa ba, kuma Kubsa na nan a fili mai yawa shekaru bayan faɗuwarsa, domin a shekarar da babu tsatsa har yanzu yana cika buhu. Saƙon da ke cewa "masu Kubsa su yi feshi" ba zai isa ga wanda ke kiran Kubsansa da wani suna ba. Saboda haka a wurin da ba a tabbatar da iri ba, malamin gona ya kafa shawararsa a kan abin da ganye ya nuna: a shiga gona sau ɗaya a mako tun alkama na fitar da 'ya'ya, a fara da kwari da gefen itatuwa inda raɓa ke daɗewa, a ɗaga ganyayen ƙasa a duba, in an ga layi mai gari ba tare da busasshen da'ira a kewaye da shi ba, a ɗauki irin a matsayin marar juriya, a yi feshi cikin kwana biyu zuwa uku.